KAFIN NAKIYA TA FARKO TA TASHI

Jawabin da anka yi gaban taron ƙungiyarmu a unguwar Zariya, Maraɗi

 

Ranku shi daɗe iyayenmu dattawa. Allah shi gafarta malamai. Iyayenmu mata, yayye da ƙanne da kunka taso daga Tibiri da Jiratawa, da ku 'yan ci-rani da Allah ya maido gida lafiya, muna yi maku barka da zuwa. Muna gode ma shugabannin ƙungiya da sunka ba mu izinin tsayawa gaban manya.

Zancenmu na yau a kan nakiya ne, wadda ake fasa dutse da ita wurin haƙar ma'adini da wurin fidda tsakuwa, da kuma abin da take jawo ma garuruwan da ke maƙwabtaka da wurin. Abin da muke son kowa shi koma gida da shi guda ne: ɓarnar nakiya tana da ma'auni, tana da magani, kuma ana shirya maganin tun ba a haƙa ramin farko ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

DON ME ZANCEN YA SHAFE MU?

Wani zai ce, mu mutanen jigawa da fadama, ƙasarmu rairayi ce, ina ruwanmu da fasa dutse? Dalili uku ne.

Na farko, rairayin yana da iyaka. Wanda duk ya yi kudu, ya bar Jiratawa baya, ya nufi Ɗan Isa da bakin iyakar Nijeriya, ya san can dutse mai tauri ya fito fili. A wanga yanki ne anka ga zinariya cikin 2021, dubban mutane sunka kwarara daga ko'ina, har daga ƙetaren iyaka. Ran Lahadi 7 ga Nuwamba 2021 ramuka sunka rufta a Garin Liman, cikin ƙasar Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 sunka rasu. Allah shi jiƙan su. Tun daga rannan ba wanda zai ce haƙar ma'adini labarin nesa ne ga mutanen jihar Maraɗi.

Na biyu, gari yana girma. Ku dubi unguwar ga ta Zariya, ku tuna yadda take da can. Kowane godabe da za a shimfiɗa, kowace gada, kowane bene, tsakuwa yake ci, tsakuwa mai ƙwari kuwa daga fasasshen dutse take fitowa. Inda duk dutse yake kusa da hanya, wata rana mai kwangila zai zo shi buɗe mahaƙa, wadda muke ce ma kariyar.

Na uku, ɗiyanmu suna tafiya inda ake wanga aiki. Tun da anka kafa kamfanin SOMAIR cikin 1968, ya fara fidda uraniyum a Arlit cikin 1971, mutanenmu ke zuwa arewa neman abinci. Wasu sun yi aiki a ramin COMINAK na Akuta, wanda ya fara cikin 1978 anka rufe shi cikin 2021. Wasu sun san gawayin Anu Araren, wasu sun san dutsen siminti na Malbaza. Daga 2014 kuma samari sunka juya zuwa zinariyar Jado da ta Cibarakaten, can wajen iyakar Aljeriya. Abin da sunka gano can, mai kyau da maras kyau, da shi suke komowa gida.

YADDA NAKIYA KE AIKI

Wani mutumin ƙasar Suwidin, Alfred Nobel, shi ya fito da dinamit cikin 1867. Yau galibin manyan mahaƙai sun fi aiki da wani haɗi mai araha, na wani gishiri dangin takin zamani da gazuwal. Ana huda dutse da inji, ramuka jere da juna, a zuba nakiya ciki, a toshe bakin kowane rami, a tada su daga nesa. Cikin ƙiftawar ido nakiyar ta zama iska mai zafi da ke neman hanyar fita, ta tsattsaga dutsen.

To, ba dukan ƙarfin ke tafiya ga fasa dutse ba. Wanda ya ragu yana tserewa ta hanya huɗu, kuma ta waɗanga hanyoyi huɗu ne yake isowa ga gari: girgizar ƙasa, bugun iska, duwatsun da ke tashi sama, da ƙura da hayaƙi. Mu bi su ɗai-ɗai, kowace da maganinta.

NA ƊAYA: GIRGIZAR ƘASA

In kun jefa dutse cikin tabkin Madarumfa, za ku ga ruwa ya yi zobe-zobe yana bazuwa, yana raguwa sannu sannu. Haka girgiza ke bazuwa cikin ƙasa. Ta fi ƙara sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa wanda ke zaune bisa tabarma yakan ji ƙasa ta motsa kafin kunnenshi shi ji ƙarar.

Abu biyu ke ƙayyade ƙarfinta: nisan gida daga wurin, da nauyin nakiyar da ta tashi lokaci guda. Ga lissafin da masana aikin sunka samu, kuma ɗan lakwal ma yana iya riƙe shi. In anka ninka nisa sau biyu, girgiza takan komo kusan kashi ɗaya cikin uku. In kuma anka raba nakiyar da ke tashi lokaci guda gida huɗu, daidai yake da an matsar da gidanka ninki biyu daga wurin.

Misali, mai mahaƙa yana da kilo 400 da zai tada. In ya tada su gaba ɗaya, gari zai ji kilo 400. In ya yi aiki da kan nakiya mai jinkiri, wanda ke sa wani layi shi tashi bayan wani da ɗan tsaiko, kamar kashi 25 cikin 1000 na daƙiƙa, ya raba su kilo 100 sau huɗu, kunne zai ji kamar ƙara guda, amma bango kilo 100 kaɗai zai ji kowane karo. Dutsen da zai samu bai ragu ba, sau da yawa ma ya fi fashewa da kyau. Saboda haka tambayar da dattijo zai yi ma injiniya ita ce: kilo nawa ke tashi lokaci guda?

Ana auna girgiza da wata 'yar na'ura da ake ajiyewa gindin bango, tana rubuta saurin motsin ƙasa, milimita nawa cikin daƙiƙa. A ƙasar Jamus, ƙa'idar da sunka aza ga girgiza mai nauyin tafiya ita ce milimita 5 ga gidajen zama, milimita 3 ga tsofaffin gine-gine masu rauni. Can kuwa gidajen dutse da siminti ne. Namu gidajen ƙasa ne, da soraye masu azara, da rumbunan laka, da rijiyoyin da anka gina cikin rairayi. Ya kamata a lissafa su cikin masu rauni, kada a auna su da ma'aunin gidan siminti.

Sai dai mu faɗi gaskiya ta kowane ɓangare. Jikin mutum yana jin girgizar da ba ta kai ta tsaga bango ba. Bangon ƙasa kuma yana tsagewa don ruwan sama, ko gara, ko tsufa. In ba a san yadda gida yake ba kafin aiki shi fara, ranar da anka ga tsaga sai gardama: mai gida shi ce nakiya ce, mai mahaƙa shi ce da ma haka take. Wanda ba shi da shaida shi ke faɗuwa, kuma kun san ko wane ne. Maganin wagga gardama shi ne zagayen gida-gida kafin a fara, za mu komo gare shi.

NA BIYU: BUGUN ISKA

Ƙarar da kunne ke ji ƙaramin ɓangare ce. Akwai wani bugu na iska da kunne ba ya ji sosai, amma shi ke kaɗa ƙyauren ƙofa, shi girgiza kwanon rufi, shi fasa gilashin taga, shi firgita jinjiri da maras lafiya, shi sa bisashe su tsinke igiya. Sau da yawa abin da mutane ke cewa ƙasa ta girgiza, wanga bugu ne.

Yana yin yawa in ba a toshe bakin rami da kyau ba, ko in anka aza nakiya bisa dutse a fili don a fasa shi, aikin ganganci ke nan da ya kamata a hana kusa da gari. Lokaci ma yana da tasiri. Da sassafe da kuma bayan faɗuwar rana, balle lokacin ɗari, iska mai sanyi takan kwanta ƙasa ta zama kamar murfi, sai ta maido da ƙara bisa gari. Kun lura yadda ake jin kiran salla na asuba daga gari mai nisa lokacin hunturu, abin guda ne. Don haka lokacin da ya dace shi ne tsakiyar rana, a sa'a guda da kowa ya sani, wadda ba ta canzawa. Ƙarar da mutum ya san da zuwanta ba ta firgita shi kamar wadda ta zo ba zato.

NA UKU: DUWATSUN DA KE TASHI

Wannan ita ce mai kisa nan take. Dutse kamar kan mutum yana iya tashi shi yi tafiyar ɗaruruwan mita. Abin da ke kawo haka sananne ne: an cika nakiya fiye da kima, ko toshin bakin rami ya yi gajarta, ko an huda rami kusa da gefen dutse ƙwarai, ko dutsen yana da tsaga ba a duba ba. Maganinsu ma sananne ne. A toshe rami da tsakuwa mai kaifi wadda ke kama juna, a bar yin toshi da garin ƙurar da inji ya fidda. A juya fuskar fashewar ta kalli daji, ta ba gari baya. Inda gidaje ke kusa, a rufe wurin da shimfiɗa mai nauyi, wadda akan saƙa da tsofaffin tayoyin mota.

A ƙasashe da yawa ana fidda kowa har nisan mita 500 kafin a tada nakiya. Amma mu tambayi kanmu, wa ke cikin daji da tsakar rana? Yaro mai kiwon awaki, mace mai neman itace, Bafillace bisa burtali da shanunshi, baƙo bisa jaki wanda bai san garin ba. Allo mai rubutun Faransanci ba ya yi masu magana. Sai an sa mutum da jan ƙyalle da usur bisa kowace hanya da kowane burtali, a busa jiniya sau biyu, ɗaya ta gargaɗi, ɗaya ta cewa an gama. Mu malaman lakwal kuma mun ɗauki alkawarin koya ma yara ma'anar jiniya da jan ƙyalle, da cewa duk wanda ya tsinci waya mai launi ko wani ɗan ƙarfe kamar alƙalami kusa da mahaƙa, kada shi taɓa, shi gaya ma babba. Kan nakiya da bai tashi ba ya isa shi cire yatsun yaro.

NA HUƊU: ƘURA DA HAYAƘI

Wannan ita ce mai kisan sannu. Farin dutse mai ƙyalli, wanda masu neman zinariya ke bi, in anka huda shi ko anka niƙa shi a bushe, yana fidda ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani. In ta shiga huhu ba ta fita. Bayan shekaru sai mutum shi kama haki da tari, huhu ya ƙandare, likita ba shi da maganin da ke maido shi, kuma tana buɗe ma tarin fuka ƙofa. Rigakafinta ruwa ne: a huda dutse da ruwa, a jiƙa tulin dutse, a yayyafa ma hanyar kamiyo ruwa, a rufe kayan da ya ɗauko.

Mu manoma mun san iskarmu. Lokacin hunturu daga gabas maso arewa take busowa, da damina kuma daga yamma maso kudu. Garin da ke yamma maso kudu da mahaƙa shi zai sha ƙura dukan rani, bisa abinci, bisa shanya, bisa ganyen lambu. Masu noman rani irin na Jiratawa sun san abin da ƙura ke yi ma ganye. Wannan abu ne da za a duba tun wurin zaɓen inda za a kafa injin niƙa. Kuma ranar da iska ta miƙe sak bisa gari, a dakata da fashewa.

Hayaƙin nakiya ma dafi ne. In kun ga hayaƙi ja-ja ko rawaya ya tashi, nakiyar ta jiƙe ko ba a haɗa ta daidai ba. Wanda ya shaƙe shi yana iya jin lafiya lau, bayan sa'o'i numfashi shi gagare shi. A kai shi likita ko da ya ce ba komi. Sauran nakiyar da ba ta ƙone ba kuma tana narkewa cikin ruwa kamar taki, don haka kada ruwan mahaƙa shi gangaro wajen rijiya ko tabkin da bisashe ke sha.

ABIN DA GARI ZAI NEMA A RUBUCE

Dokar ƙasa ta ce ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ita ke ba da izinin haƙarshi. Amma gona tana da mai ita, kuma ba a ɓata ta ba diyya. Tun 1993 muke da dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin ƙasa da muke ce ma Kofo, masu rubuta shaidar gona. Wata doka ta 2018 kuma ta ce manyan ayyukan da ke iya ɓata muhalli sai an yi binciken illarsu, an kuma saurari mutanen wurin. Ranar wanga sauraro ita ce ranarmu. Kada a tura mutum biyu su sha lemo su sa hannu. Ga abin da muke ba da shawara a nema, a rubuta da Faransanci da Hausa, gaban maigari, da wakilin sarki, da na meri:

1. Zagayen gida-gida kafin fashewar farko. Mutumin gari da mutumin mai mahaƙa su duba kowane ɗaki, da rumbu, da masallaci, da ajin lakwal. Tsagar da ke akwai a ɗauki hotonta da salula, a yi ma ƙarshenta alama, a rubuta kwanan wata. Kowane ɓangare shi riƙe takarda guda.

2. Awon rijiyoyi. A zura igiya mai ƙulli a san gaba nawa ruwa yake, rani da damina, a duba ko ginin rijiyar yana da lafiya.

3. Iyakar kilon da zai tashi lokaci guda, da aiki da kan nakiya mai jinkiri.

4. Na'urar awon girgiza a gidan da ya fi kusa, a karanta abin da ta rubuta gaban wakilin gari.

5. Sa'a guda sananna da tsakar rana. Ban da dare, ban da lokacin sallar Juma'a, ban da ranar kasuwa, ban da lokacin da yara ke fitowa daga lakwal. A sanar da maigari tun jajibiri, mai shela shi zaga.

6. Masu tsaron hanya da burtali, kuma a ɗauke su cikin samarin gari, su ne sunka san ta inda mutane ke bi.

7. Ruwa bisa ƙura, da hanyar kamiyo wadda ba ta ratsa tsakiyar gari ba.

8. Ma'ajiyar nakiya nesa da gidaje, da mai gadi.

9. Littafin ƙara a hannun maigari: wa ya kawo kuka, yaushe, me ya ɓaci, kwana nawa za a yi kafin a gyara ko a biya.

10. Abin da za a yi da ramin ranar da aiki ya ƙare. Ramin da anka bari ya cika da ruwan damina, yaranmu ne ke faɗawa ciki.

Wani dattijo zai ce, yaro, kai ka san talaka ba ya ja da mai kuɗi, in munka tsananta sai shi kai aikin wani gari, samarinmu su rasa abin yi. Wagga magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, dutse ba ya tashi shi bi mai kuɗi, inda Allah ya ajiye shi nan za a zo a same shi. Abubuwan ga goma kuma ba wanda ya hana aiki cikinsu, yawancinsu ma kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da kuɗin inji guda. Mai mahaƙa na kirki ya san su tun kafin mu faɗa, kuma zaman lafiya da gari riba ce gare shi. Abin da ke kashe mu shi ne rarrabuwa: a kira mutum guda gefe, a ba shi 'yan jikkuna, shi sa hannu a madadin kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

GARE KU 'YAN CI-RANI

Ba kamfani kaɗai ke kawo ma gari ɓarna ba. Wani lokaci ɗan gari ne ke shigo da ita cikin buhu, da kyakkyawar niyya. Ku saurari labari uku.

Ran 16 ga Janairu 2024, da dare, unguwar Bodija ta birnin Ibadan ta girgiza. Gwamnan jihar Oyo ya ce nakiyar masu haƙar ma'adini ba bisa izini ba ce, wadda anka ɓoye cikin wani gida. Mutane sun mutu, fiye da 70 sun ji rauni, gidajen maƙwabta da ba su san komi ba sun rushe.

Ran 20 ga Janairu 2022, a ƙasar Gana, motar da ke ɗauke da nakiya zuwa wata mahaƙar zinariya ta yi haɗari a ƙauyen Apiate, ta kama wuta, ta fashe. Fiye da mutum 10 sunka mutu, kusan dukan ƙauyen ya zama kufai.

Cikin 2010, a Zamfara maƙwabciyarmu, a ƙasar Anka da Bukkuyum, masu neman zinariya suna kai dutse cikin gida, mata na dakawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen yana da dalma. Yara fiye da 400 sunka mutu, sai da anka kwashe ƙasar gidaje a garuruwa irin Dareta da Bagega. Hausawa ne irinmu, gidajensu irin namu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Don haka, ƙannenmu, muna roƙon ku abu biyar. Kada nakiya ko kanta su kwana cikin gida, ko shago, ko rumbu, ko da dare guda, riƙe ta ba izini ma laifi ne gaban hukuma. Kada ku ɗauke ta cikin motar fasinja. Kada ku kawo dutsen mahaƙa gida a daka, kuma kayan aikinku a wanke su can, kada a haɗa da na yara. In nakiya ta ƙi tashi, kada kowa shi leƙa sai an yi aƙalla rabin sa'a, kuma kada a sake huda tsohon rami. In an fasa cikin rami mai zurfi, kada ku sauka sai an hura iska sosai, don akwai iskar da ba ta da wari ko launi, tana kwantar da mutum kamar barci. Ramin da ke kusa da wani rami kuwa, girgiza kaɗan ta ishe shi ruftawa, kada wani shi fasa alhali akwai mutane cikin ramin maƙwabci. Mun san ba kwaɗayi ya fidda ku ba, nauyin gida ne. Amma gida ya fi bukatar ku da ranku.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Muna kawo shawara uku gaban shugabanni. A naɗa mutum biyar, cikinsu da mace, da makiyayi, da wanda ya taɓa aikin mahaƙa a arewa, su riƙe wagga magana. Tsofaffin ma'aikatan Arlit da ke zaune cikinmu taska ce, sun san jiniya, sun san ƙa'ida, a tambaye su. A buga abubuwan ga goma cikin takardar ƙungiya, a kai ma kowane maigari, a karanta a bakin masallaci ga waɗanda ba su karatu. Sannan duk mai gonar da ba ta da takardar shaida, balle wajen kudu inda dutse yake, shi nemi Kofo tun yanzu, kuma kada kowa shi sayar ko shi ba da aron gona ga mai neman dutse ba tare da gari ya sani ba, don nakiyar da za ta tashi cikin gonar mutum guda, dukan gari za ta girgiza.

Iyayenmu, arzikin ƙasa baiwar Allah ce, ba mu ƙi a ci moriyarta ba. Muna son a ci ta rumbunanmu na tsaye, rijiyoyinmu na da ruwa, yaranmu na da yatsunsu goma. Ku ne masu faɗa a ji, mu namu tunatarwa ne.

Allah shi jiƙan waɗanda sunka riga mu. Allah shi tsare matafiyanmu, shi maido su lafiya. Allah shi ba mu damina mai albarka da zaman lafiya cikin ƙasa.